Nasiha ga mai niyyar ba da motarsa sadaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Imamu Malik ya kawo wani hadisi a Muwaɗɗa, yana kuma cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar (RA) ya ba wani mutum ingarman doki fi sabilillahi. Mutumin ya kasa riƙonsa har dokin ya lalace. Da Umar ya ga alamar zai sayar da shi da araha, sai ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saye. Annabi ya ce masa kada ya saya ko da dirhami ɗaya za a ba shi, domin mai komawa ga sadakarsa kamar kare ne mai komawa ga amansa.

A Garwa da Marwa da Ngaundare akwai masu hali da ke hawan motocin gudu na Jamus, waɗanda aka gama yayinsu a Turai suka shigo mana ta Duwala ko Kwatano. In marmari ya wuce, wani sai ya ce bari ya miƙa wa gidan marayu ko makarantar Islamiyya. Madalla da niyya. Motar hawa dai ba a yi mata zakka, kamar yadda hadisi ya ɗauke ta daga dokin Musulmi, don haka wannan sadakar ganin dama ce.

Amma Alhaji, ka dubi abin da za ka miƙa. Ɗauki BMW M5 ƙirar 2005 zuwa 2010: silinda 10, inji lita 5, ƙarfin doki 507. Don titin Jamus aka ƙera ta. Cikinta dab da ƙasa yake, hanyar ƙauye da damina ba tata ba ce. Mai take sha kamar ba gobe, ba ta kuma jure zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. In giyarta ta yi gardama, ba kowane bakanike ne zai yarda ya sa hannu ba, kayan gyara kuma sai an yi odarsu daga waje. Malamin da ke fafutukar buhun gero don yara, ina zai kai wannan? Ƙarshenta a tura ta ƙarƙashin darbejiya, tayoyi su sace, ƙura ta rufe gilashi, awaki su riƙa kwana a gindinta, kai kuwa kana gida kana lissafin lada.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 267, kada mu nufi mummuna mu ciyar daga gare shi, alhali mu kanmu ba za mu karɓe shi ba sai mun runtse ido. Bara'u ɗan Azib (RA) ya ce ayar ta sauka ne a kan masu rataya lalataccen dabino a masallaci don Ahlus Suffa, wato talakawan sahabbai da ke zaune a masallacin Annabi. Ba tsufan mota ne aibi ba. Aibin shi ne ka san inji na cin baƙin mai, kuɗin duwan, wato kwastan, bai cika ba, inshora ta mutu, ka yi shiru ka miƙa makulli ana ɗaukar hoto.

A ganina, irin wannan mota kuɗinta ya fi ta amfani. A Amurka ma, inda ba da mota ga ƙungiyoyin agaji ya zama ruwan dare, galibi gwanjonta suke yi su yi aiki da kuɗin. Ko dai ka sayar da kanka, ka faɗa wa mai saye kowane aibi, ka kai musu kuɗin cif, ko ka ba su ita da izinin sayarwa a fili. Kuɗin na iya zama rijiyar burtsatse, ko babura don malamai masu zuwa ƙauye, ko kwanon rufi ga ajin da iska ta kware.

In motar za ka bayar, ka bayar da gaske. Wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya san kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai an karɓe su a hannu. In mai bayarwa ya rasu kafin haka, sun koma gado. To kada ka ce "na ba ku" alhali mota na garejinka, kart giris, wato takardar mallakar mota, na ɗauke da sunanka. Ka kai ta, a sauya takardu. Kada kuma ranar sallah ka aiko yaro ya ce Alhaji na son aro.

Sai batun da Umar ya tambaya a kai. Ranar da kwamitin makarantar ko gidan marayun ya kasa riƙe motar ya sa ta kasuwa, kai ne ka fi kowa sanin darajarta, kuma kai ne za su ji nauyin yi wa ciniki. Wannan kunyar tasu ita ce za ta dawo maka da wani ɓangare na abin da ka riga ka ba Allah. Kada ka taya, kada ka tura dillali ko ƙane ya taya maka a ɓoye. In kana son taimako, ka nemo musu mai saye na kirki, ka tsaya a gefe.

Hanyar da malamai suka ce babu laifi sadaka ta dawo hannunka ita ce gado, kamar ka ba ɗan'uwanka mabukaci mota ya rasu kai ne magajinsa. A Sahihu Muslim wata mata ta yi wa mahaifiyarta sadaka, uwar ta rasu, Annabi (SAW) ya ce mata ladanta ya tabbata, gado kuma ya mayar mata da abin.

Wallahu a'alam.