Ba alewa ce ta fara ɓata haƙori ba

Madalla da wani rahoto da na karanta, wanda ya nuna ruɓewar haƙori ta girmi sukari. Nan Agege da yaro ya riƙe kumatu sai a ce alewa ce, a rufe zance. To mutumin Kabwe fa, wani ɗan zamanin da da aka laƙaba wa sunan garin da aka samo shi? Masu haƙar ma'adinai ne suka tono ƙoƙon kansa a Zambiya a 1921, an ƙiyasta ya kai shekara 300,000, amma yawancin haƙoransa na sama duk kogo ne, har ƙurji ya ci dasashi. Wa ya sayar masa da minti? Ƙoƙon yana Landan har yau, Zambiya na ta neman a maido mata da abinta, kuma ni dai ina bayanta.

Abin da marubucin rahoton ya tsallake shi ne bambancin ruɓewa da gogewa. Ruɓewa aikin ƙwayoyin cuta ne: su ci zaƙin da ya maƙale, su fitar da tsami ya narka bawon haƙori. Shi ya sa birai masu yawan shan 'ya'yan itace su ma suke samun kogo. Gogewa kuwa tsakuwa da tauri ke kawo ta. Homo naledi, wani jinsin mutanen zamanin da da aka gano a Afirka ta Kudu a 2013, haƙoransa da yawa a ɓantare suke, ana zargin ƙasa ce a cikin abinci.

Ku dubi bakin dattawan da ke sayar da goro a kasuwarmu: jawur, turamen sun goge sumul, amma da wuya ka ga rami. Samarin kasuwar Mile 12 ta Legas masu buɗe kwalba da haƙori kuwa, Allah Ya shirye su.