Shimfiɗar akurki a Kano: abin da za mu ɗauka daga Turai da wanda za mu bar musu

A nan Holand inda nake zaune, kashin kaji ya yi wa ƙasa yawa. Manomi kan biya kuɗi a kwashe masa shi, har akwai tashar lantarki a Moerdijk da ke ƙona shi tun 2008. A Kano kuwa kuɗi ne: masu noman rani na Kura da Kadawa da Garun Malam suna sayensa buhu-buhu don tumatir da albasa. Duk da haka, akurkin bayan gida a nan ya fi na yawancin gidajenmu tsafta, kuma ba wai sun fi mu kayan aiki ba ne. Sun fi mu kula da abu ɗaya, wato kada shimfiɗa, irin su dusar katakon da ake zubawa a daɓen akurki, ta jiƙe.

Kaza mai ƙwai tana yin kashi kamar giram 100 zuwa 120 a rana, kuma kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Kaji goma ke nan sun zuba maka fiye da kilo ɗaya kullum. Idan ya haɗu da laima sai ya fara fitar da iskar amoniya, wannan warin da ke sa ido hawaye. Ita ce ke ƙona hanyar numfashin kaza ta buɗe wa mura ƙofa, laimar kuma ita ke raya ƙwayar cutar zawon jini da ke kashe 'yan tsaki. Kada ka gwada warin kana tsaye. Durƙusa ka kai hancinka daidai kan kazar, domin a nan take shaƙa.

Masu kiwo a nan Holand suna tara shimfiɗa har santimita 20 ko 30, su bar ta watanni tana ruɓewa a hankali tana ɗumama ɗakin. Wannan dabarar ƙasar sanyi ce, kuma ina jin takaici idan na ga matasanmu suna kwaikwayonta daga YouTube. A Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kaza tana tone shimfiɗa ne don ta manna ƙirjinta da sanyin daɓe. Ka ba ta tudun da ke fitar da zafi, ka ƙara mata azaba. Santimita 5 zuwa 8 sun isa da bazara, a kai 10 da hunturu, kuma kada a wuce kaji uku ko huɗu a murabba'in mita ɗaya.

Kayan shimfiɗa muna da su a kusa. A 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo ka nemi dusar katako mai kauri wadda injin fere katako ke fitarwa. Mai laushi kamar gari tana tashi ta shiga huhu, 'yan tsaki kuma suna cinta a zaton abinci, don haka a shimfiɗa musu takarda a kai kwana uku na farko. A guji ta katakon da aka shafa wa maganin gara da ta falanki mai gam. Buntun shinkafa daga injinan casa yana da kyau ƙwarai, ba ya dunƙulewa da wuri, sai dai bai kai dusar katako shan ruwa ba. Ɓawon gyaɗa ina tsoronsa da damina, domin da ya sha laima sai ya yi fumfuna, fumfunar kuma tana kama huhun 'yan tsaki.

Abin da nake so mu ɗauka daga Turawa shi ne allon da suke sawa a ƙarƙashin sandar kwana. Kaso mai yawa na kashin da dare yake zuba, a wuri guda. Saka falle na kwano ko katako kamar taku ɗaya ƙasa da sandar, ka yayyafa masa yashi, kowace safiya ka kankare cikin bokiti. Aikin minti biyu ne, amma shimfiɗar za ta daɗe sosai. Mazubin ruwa a ɗora shi kan bulo har bakinsa ya kai daidai bayan kaza. Inda ya zuba ya yi tauri a kwashe da shebur a cike da sabuwa, sauran a motsa da manjagara sau biyu a mako. Ka damƙi shimfiɗar ka saki: idan ta ɗan haɗu ta warware, daidai take, idan ta zauna kamar curin fura, ta jiƙe. A watan Agusta feshin ruwa ne babban maƙiyi, sai a tsawaita bakin kwano, a ɗaga daɓe sama da tsakar gida, amma kada a toshe ragar waya da leda gaba ɗaya.

Iyayenmu mata suna barbaɗa toka a akurki don kashe wari da ƙuma. Tokar tana da amfani, amma wurinta daban. Idan ta haɗu da jiƙaƙƙen kashi tana ƙara sakin amoniya, sinadarin da manomi ke biya dominsa kuma ya tafi a iska. A zuba ta da yashi cikin tsohuwar taya, kaji su yi birgima a ciki.

Kashin da aka kwashe kada a tura shi kwata, haƙƙin maƙwabta ne, asara ce kuma. Mai sayarwa ya shanya shi a rana ya ɗura a buhu, ya ajiye kan katako inda ruwa ba ya taɓawa. Mai lambu ya tara tsibi kamar mita ɗaya, ya haɗa da busasshen ganye, ya yayyafa ruwa, yana juyawa duk mako. Cikinsa zai yi zafin da hannu ba ya jurewa, sama da digiri 55, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, kuma cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da cutar da ke sa mutum zawo. A Amurka dokar noman da ba a sa takin zamani ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar latas da karas, irin waɗanda muke ci ɗanye. Idan kuma kaji sun mutu da yawa a lokaci guda, kamar yadda murar tsuntsaye ta yi a Kano a 2006, wannan shimfiɗar ba ta sayarwa ba ce: a kira likitan dabbobi, a binne ta ko a ƙona.