Gatari Mai Baki Biyu

Abin ya faru ne a majalisar mai shayi bayan sallar isha'i. Alhaji Bakano na kan benci yana latsa waya, Sarkin Maƙera na gefe yana fifita shayinsa, sai ga Dakta Bazazzagi ya iso yana tafiya sannu sannu kamar mai ɗauke da ƙwai, ya ciro wani ɗan akwatin roba daga aljihun gaba.

Dakta: Kowa ya goge hannunsa. Kai Alhaji musamman, na ga yanzu ka gama da tsire.

Bakano: Toh fa, Bazazzagi ya samo abin duniya. Meye wannan ɗin, maganin basir ne?

Dakta: Kuɗi ne, kuɗin Girkawan dauri, tsabar azurfa. An buga shi wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a wani tsibiri da ake kira Tenedos, yanzu yana ƙasar Turkiyya suna ce masa Bozcaada, nan kusa da mashigin Dardanel. Sunan kuɗin tetradirakma, wato dirakma huɗu.

Bakano: Dirhami huɗu dai kake son cewa, sai ka tsaya wahalar da harshe.

Dakta: Yau dai ka yi sa'a ka faɗi daidai ba da saninka ba, ai kalmar dirhami daga dirakma Larabawa suka samo ta.

Bakano: Nawa ka saya?

Dakta: Ba a fara tambayar kuɗi a harkar tarihi.

Bakano: Mu a Kano da ita ake farawa, da ita ake gamawa. Nawa?

Dakta: Dala 200, a intanet wajen wani bawan Allah, kuma na yi tsintuwa ne wallahi, na gaske a gwanjon Turai dubban daloli ake zubawa kafin a ɗauka.

Bakano: Innalillahi. Ka ba da kuɗi masu tafiya ka karɓo kuɗin da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakanka, ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Miƙo mu gani. Kai! Wannan mutumin ai fuska biyu gare shi.

Dakta: Kai ɗaya ne da fuska biyu, ta namiji mai gemu tana kallon nan, ta mace tana kallon can. Wasu masana sun ce gunkinsu Zeus ne da matarsa Hera. Juya bayan ka ga abin da ya sa na saya.

Sarkin Maƙera: Gatari ne wannan? Wane almajirin maƙerin ne ya ƙera shi, baki gaba baki baya, ƙota a tsakiya? In ka ɗaga za ka faskara ice ai ƙeyarka za ka fara faskarawa.

Dakta: Sarki ba na faskare ba ne, na tsafi ne da sarauta, labris ake ce masa. Ni yanzu abin da na sa gaba kenan, duk kuɗin Girkawa da ke da wannan gatarin sai na tara shi. Ka ga ɗan nonon inabi a gefe? Har gobe an san tsibirin da noman inabi. Rubutun nan na sama kuma Tenediyon, ma'ana kuɗin mutanen Tenedos.

Bakano: Tsaya tsaya. Gaba fuska biyu, baya baki biyu. Dakta wannan kuɗin ai munafuki ne, ni mutum kaifi ɗaya ne ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ba.

Nan majalisa ta kwashe da dariya har mai shayi ya ɓarar da madara. Shi kuwa Dakta in ka san Bazazzagi da karatu, dariya ba ta tsayar da shi, gyara tabarau ya yi kawai ya ɗora.

Dakta: Jahilci dai ba kyau. Gatarin nan labari gare shi har biyu.

Bakano: Shi ma labarin biyu ne? Ai na faɗa.

Dakta: Na farko, sun ce akwai wani ɗan sarki Tenes, matar ubansa ta ƙulla masa sharri ta ce ya neme ta, uban bai yi bincike ba ya saka shi a akwati shi da ƙanwarsa ya jefa teku, ruwa ya yi ta yawo da su har ya kai su tsibirin nan, mutane suka naɗa shi sarki. Can daga baya uban ya gano ƙarya aka yi masa, ya shigo jirgi ya zo neman gafara, ya ɗaure jirgin a gaɓa, shi kuma Tenes bai ce masa uffan ba ya ɗauko gatari ya datse igiyar.

Sarkin Maƙera: Ashsha. Uba dai uba ne, ko me ya yi.

Bakano: Ashe su ma Turawan dauri suna fama da matar uba. Ni na ɗauka mu kaɗai Allah ya jarabta.

Dakta: Har karin magana ya zama a wurinsu, in mutum ya yanke magana ba lallashi sai su ce ya sare da gatarin Tenedos. Na biyu kuma daga Aristotal, babban masanin Girkawa, aka ruwaito, wai wani sarkin tsibirin ya kafa doka duk waɗanda aka kama suna zina a sare su da gatari, namijin da macen, sai aka kama ɗansa na cikinsa, ya ce doka doka ce. Shi ne wai fuska biyun da baki biyun.

Bakano: Toh wannan dokar kar ta shigo unguwar nan, benci zai yi fili.

Mai shayi ya yi tari, wani saurayi a ƙarshen benci ya tuna ana nemansa a gida.

Dakta: Kuɗin da nake hari yanzu na Mausolos ne, ya mulki yankin Kariya daga 377 zuwa 353 kafin haihuwar Annabi Isa, mai kabarin nan na Halikarnasos da ake lissafawa cikin abubuwan mamaki bakwai na duniya, garin yanzu Bodrum ake ce masa. A kuɗinsa Zeus ne a tsaye ya saɓa gatarin a kafaɗa.

Bakano: Duk a Turkiyya? To ai sauƙi ya zo, wata mai zuwa zan je Istambul saro abaya, sai in cika ghana-mos-go da su mu raba riba.

Dakta: Ka cika, a filin jirgi za su karɓe ka hannu bibbiyu. Dokarsu ta hana fitar da kayan tarihi ko da kwabo ɗaya ne. Shi ya sa masu harkar nan suke neman takardar asali, wa ya mallaka, daga hannun wa zuwa hannun wa, in ta kai kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi to hankali kwance.

Bakano: Naka ina takardarsa?

Dakta: Eh toh... ya ce zai turo.

Duk wannan surutun Sarkin Maƙera bai ƙara magana ba, ya kai kuɗin kusa da fitilar mai shayi yana juya shi yana shafa gefen da farce. Can sai ya sake shi a kan siminti. Kuɗi ya ce ƙwas.

Dakta: Wayyo Allah! Sarki shekara dubu biyu ka yar a ƙasa!

Sarkin Maƙera: Dakta ka yi haƙuri in tambaye ka. Su mutanen naka zubi suke yi ko bugu?

Dakta: Bugu mana. A samo ɗan curin azurfa a auna, a ɗora kan hatimi na ƙasa, a kifa na sama, a maka masa guduma, shi ya sa ba za ka ga biyu sun zo daidai sak ba. Duk na azurfa irin wannan da ka ga an narka an zuba to jabu ne, wannan ko ɗan koyo ya sani.

Sarkin Maƙera: Madalla, da bakinka ka faɗa. Matso da tabarau ɗin. Ka ga wannan siririn layin da ya zagaye gefe? Nan ne mazubi biyu suka haɗu, har an bi da magagari an goge amma mai gugar yana sauri. Ka ga 'yan ramukan nan a gemun mutumin kamar zanzana? Iska ce ta maƙale lokacin zubi. Sannan azurfa kuka take in ta faɗi. Ni tun ina yaro babana ke narka liyari mai kan matar nan, wanda duk aka rubuta 1780, yana yi wa amare mundaye, na san muryar azurfa ko cikin barci. Wannan ƙwas ya ce, kamar murfin kwalba.

Dakta: A'a, tsufa ne ya dushe masa murya.

Bakano: Ba a gardama, ga sikelina na gwal a mota. Nawa ya kamata ya kai?

Dakta: Giram 16 da 'yan kai.

Aka ɗauko sikeli aka ɗora. Kowa ya leƙa har da masu jiran indomi.

Bakano: 11 da rabi. Dakta ko dai azumi yake yi tun zamanin Aristotal?

Sarkin Maƙera: Dalma ce da kuza aka shafa wa ruwan azurfa. Ko zobe ba zan yi wa Hajiya da shi ba, yatsa zai yi baƙi.

Dakta: Ku dai ba ku gane ba ne. Su ma Girkawan ai suna da 'yan jabu, su lulluɓe tagulla da azurfa, kuma yanzu haka akwai masu tara irin waɗannan suna biyan kuɗi.

Bakano: Ah to ai shikenan ka warke. Ka adana shi da kyau, nan da shekara dubu biyu jikokinka sun yi arziki. Sarki zo nan mu yi magana, irin wannan guda nawa za ka iya zubawa a rana? Akwai Zage-zagi da yawa a garin nan.

Sarkin Maƙera: Allah ya kiyashe ni, ni gatarina baki ɗaya gare shi.

Dakta ya mayar da kuɗinsa cikin akwati a hankali, ya miƙe yana latsa waya yana neman mai sayarwa, shafin ya ƙi buɗewa ya ce netwok ne. Har ya kai bakin titi mai shayi ya ƙwala masa kira.

Mai shayi: Dakta kuɗin shayin jiya da na shekaranjiya fa! Amma don Allah mai fuska ɗaya.