Ramuka huɗu da mai jar hula

Jama'a wallahi har yanzu in na tuna ranar Talatar nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Patoro, wato maigidan garejin walda, shi ne ya ce in zana masa farantin ƙarfe da zai rufe bakin injin ɓarzar masarar wani Alhaji, ramuka huɗu, bulon na 12, shikenan. Injin dama tuni na gina shi a FreeCAD, manhajar zana injina a kwamfuta, saura in buɗe sabon eskis, wato shafin zane, in janyo ramukan da ke jikinsa zuwa kan filan, wato shimfiɗar da ake zane a kanta, don kar in sake awo. Wanda ya taɓa yi ya sani, ka danna jeyometiri ekstern, maɓallin janyo siffar abin da ke wajen zanen, ka taɓa bakin ramin sai wani layi ja-ja ya fito, shi ba ya shiga aiki, na jingina ne kawai, sai ka ɗora naka a kansa ka ɗaure da awo don kar ya motsa. Na ɗaure komai har zanen ya koma kore, alamar komai ya ɗauru, kuma kun san daɗin da mutum ke ji in ya koma kore.

To ashe bakin injin a karkace yake digiri 30, eskis ɗin kuma yana kwance a filan na ƙasa, XY, don shi manhajar ta fara miƙo min, ita ma da nata. Ita kuma janyowar nan miƙe take saukar da abu kan filan, ba ruwanta da karkata, tazarar milimita 100 sai ta dawo 86.6, ramin milimita 13 ya zama 13 ta nan, 11 da ɗoriya ta can.

Sai ga mai jar hula. Mutumin nan da ba ya walda ba ya fenti ba ya sayen komai, amma tun safe yana kan bencin garejin yana jiran shayin wani, zafin Garwa na watan Afrilu ma bai isa ya cire masa hular ba. Ya leƙo ta bayan kafaɗata yana taunar goro ya ce, ɗana, me ya sa ramukanka suka yi kamar ƙwan zabo? Na ce Baba wannan tiri-di ne, ido ne ke ruɗin mutum. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ne har yau nake jin sa a ƙirjina. Mutumin da tun kafin babbar Sallah yake riƙe min sefa 2000 na kati, kullum gobe, ranar da Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon Garwa, ta ci wasa ma ya ce farin ciki ne ya mantar da shi, wai shi ne zai duba min zane.

Na je na buga takardar daidai girmanta, yaron shago ya manna a kan tol, wato fallen ƙarfe, ya buga alama da guduma, aka huda, aka goge, har fenti aka shafa saboda Alhaji zai zo.

Alhaji ya zo da babbar riga da direba. Yara biyu suka ɗaga farantin suka kara. Bulon biyu na ƙasa suka shige sumul, har na gyara tsayuwa na sa hannu a aljihu. Na sama aka tura, ƙarfe. Aka sake turawa, ƙarfe. Patoro ya ce a juya shi, aka juya, yanzu na sama sun shiga na ƙasa sun ƙi. Ya ce a kifa shi, aka kifa, fenti duk ya ɓata hannun yara, ɗaya ma ya goga a goshi, ni kuma ina ta cewa ku ɗan ɗaga ku ɗan matsa hagu alhali ina ganin rabin ramin ma bai leƙo ba, milimita 13 ba abin da za a ɗan matsa ba ne. Patoro bai ce uffan ba, ya zaro mita daga wuya ya auna injin, ya auna farantin, ya kalle ni, ya sake auna farantin a hankali yadda kowa zai gani. Alhaji ya ce ikon Allah, da kwamfutar aka yi? Direba ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Shi kuwa gogan bai ko tashi daga benci ba, ya kurɓi shayin da ba shi ya biya ba ya ce, ai na ga ƙwan.

Abin haushin ma ƙanin matata, wanda ke lise teknik, makarantar koyon fasaha, shi ya karɓi linzamin a gaban kowa ya ce Yaya ai a kan fuskar da ta karkata za ka kafa eskis ɗin, ya danna fuskar ya janyo ramukan suka fito zagayayyu, tazara 100 cif, shayin Baba ko hucewa bai yi ba. Har yana ƙara min bayani wai a manhajar SolidWorks da suke koyo ma haka take. Wa ya tambaye ka? Yaron da ni na saya masa kalkuleta.

An sake yanka wani tol, patoro ya ce za mu yi magana kan kuɗinsa, ba mu yi ba tukuna. Yanzu yaran garejin Injiniya Zabo suke ce min, jiya har mai kosai ta faɗa. Duk wanda ya haɗu da mai jar hula dan Allah ya tuna masa 2000 ɗina, ni na daina bi ta layin.