Baƙar Tawada Ba Baƙa Ba Ce: Darasin Kimiyyar da Ba Ya Buƙatar Ɗakin Gwaje-gwaje

Ranar Asabar da ta wuce na je gaida mahaifiyarmu a Tudun Wadan Zariya, na tarar da 'yar ƙanwata, wadda ke aji ɗaya na babbar sakandare, zaune a kan tabarma tana maimaita wata jimla ta Turanci kamar mai bitar hadda. Da na tambaye ta abin da take karantawa, sai ta ce ma'anar kiromatogirafi ce, domin za a yi musu gwajin kemistiri ranar Litinin. Ta kawo mini ma'anar tun daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba, amma da na ce ta faɗa mini da Hausa abin da ake yi a zahiri, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, ai ba a nuna mana ba, an ce makarantarmu ba ta da kayan aiki."

Wannan uzuri ne ya sa nake wannan rubutu. Akwai darussan kimiyya da dama da ba su yiwuwa sai da na'urori masu tsada, wannan ban musa ba, amma raba launukan tawada a kan takarda, wanda nau'i ne na kiromatogirafi, ba ya cikinsu, kuma a ganina duk malamin da ya koyar da shi a baki kawai ya tauye wa ɗalibansa haƙƙi ba tare da dalili ba.

A ranar muka gwada shi a tsakar gida. Muka samo tambulan na gilashi, da fensir, da rula, da ɗan ruwan randa, da baƙin alƙalamin zane mai bakin soso wanda yara ke kira maka. Takardar tacewa ta ɗakin gwaji ita ce aka fi so, amma da yake ba mu da ita, sai muka yanko farar takardar goge hannu mai kauri, tsawonta kamar santimita 12, faɗinta kamar yatsu biyu. Muka ja layi da fensir kimanin santimita 2 daga ƙasa, muka ɗiga tawada ɗigo ɗaya ƙarami a tsakiyar layin, muka bari ya bushe. Daga nan muka naɗe saman takardar a jikin fensir, muka gitta shi a bakin tambulan, yadda ƙasan takardar zai taɓa ruwan.

Gwajin farko bai yi ba, kuma laifina ne, domin na cika ruwan har ya shanye ɗigon, tawadar ta narke cikin tambulan ta mayar da ruwan toka-toka. Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, amma daga wannan kuskure ta gane da kanta dalilin da littafinta ya ce dole ruwan ya tsaya ƙasa da layin, abin da ta daɗe tana haddacewa ba ta san amfaninsa ba. A karo na biyu muka rage ruwan. Ya fara hawa takardar a hankali, ya iso ɗigon ya ɗebe shi, sai ga baƙin ya miƙe kamar jela, yana washewa. Kafin minti goma, abin da ya kasance baƙi ƙirin ya koma zane mai hawa-hawa: shunayya a ƙasa, ruwan hoda da ɗan rawaya a tsakiya, shuɗi mai haske can sama kusa da inda ruwan ya kai. Ƙannenta biyu 'yan firamare suka bar wasansu suka durƙusa suna kallo, ƙaramin yana rantsuwa cewa wani abu na zuba a ruwan.

Bayanin bai fi ƙarfin yaron aji huɗu ba, in dai an yi shi da harshen da yake tunani da shi. Da farko, masu haɗa irin wannan alƙalami sukan gauraya rini kala-kala har su ba da baƙi, saboda haka launukan suna nan a ciki tun asali, ruwa bai ƙirƙiro komai ba. Na biyu, ruwa yana hawa takarda ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, yana bin 'yan ƙananan kafofin da ke tsakanin zaruruwanta. Sai kuma ainihin maganar: kowane rini yana tsakanin masu ja biyu, ruwa yana son tafiya da shi, takarda tana son riƙe shi. Na ce musu su ɗauka an aiki yara uku kasuwar Sabon Gari tare, ɗaya ya miƙe bai waiwaya ba, ɗaya yana tsayawa jefi-jefi, ɗaya kuwa ba ya wuce rumfa sai ya leƙa. Tare suka fita, amma bayan ɗan lokaci kowa yana wurinsa daban. Rinin da ya fi narkewa a ruwa, bai kuma damu da takarda ba, shi ne ke yin nisa, wanda ya fi manne wa takarda kuwa a baya ake barinsa. Dalilin ja layi da fensir ma a nan yake, domin baƙin fensir ba ya narkewa a ruwa, ba zai tashi ya ɓata sakamakon ba.

Ga 'yan sakandare akwai ɗan lissafi, wanda ake kira Rf, kuma shi ma ba abin tsoro ba ne. Ana auna nisan da rinin ya yi daga layin fensir, a raba shi da nisan da ruwan ya yi daga wannan layin. A takardarmu ruwan ya hau santimita 8, ruwan hodar ya tsaya a 6, amsa ta zama 0.75. Tunda rini ba ya riga ruwan da ke ɗauke da shi, amsar ba ta taɓa wuce 1. Idan takarda ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, yanayi ɗaya ne, rini iri ɗaya zai riƙa ba da lamba ɗaya, kuma ta haka ake gane ko alƙaluma biyu da rini guda aka haɗa su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake ɓoye wa yara cewa wannan ɗan wasa na tambulan da takarda babban ilimi ne mai tarihi. Wani masanin tsirrai na ƙasar Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara wannan dabara a farkon ƙarni na ashirin, inda ya tace ruwan ganye ta cikin bututun da ya cika da garin alli, ya ga koren ganye ya rabu zuwa kore iri biyu da rawaya. A 1906 ya sa wa dabarar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin launi da rubutu, kuma abin sha'awa, sunansa kansa yana nufin launi a harshen Rashanci. Bayan shekaru, wasu masana biyu a Ingila, Archer Martin da Richard Synge, waɗanda ke binciken sinadaran gashin tumaki a birnin Leeds, suka faɗaɗa ta har ta kai su ga lambar yabo ta Nobel a fannin kemistiri a 1952, amfani da takarda kuwa ya fito ne daga aikin Martin da abokansa a 1944. A yau da 'yan'uwan wannan dabara ake bincika ko magani na jabu ne, ake gano guba a abinci, ake tantance tawadar takardun da ake zargin an yi musu coge. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, inda ake koyar da kemistiri da harhaɗa magunguna, bai kamata yaransa su san wannan abu a baki kawai ba.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ban raina shi ba: aji ɗaya ya ɗauki yara fiye da kima, lokacin darasi gajere ne, albashi kuma ba ya isa balle mutum ya sayi kaya daga aljihunsa. Sai dai gindin gorar ruwa da aka yanke ya isa ya maye gurbin tambulan, alƙalami ɗaya ya ishi aji guda, kuma ana iya kafa gwajin a farkon darasi a ci gaba da bayani, kafin a buga ƙararrawa ya gama aikinsa. Iyaye ma ba mu kuɓuta ba, domin babu abin da ya hana a yi shi a gida ranar hutu.

Gargaɗi ɗaya ga wanda zai gwada: ba kowace tawada ke bin ruwa ba. Tawadar biro ba ta narkewa a ruwa, sai an yi amfani da sifirit irin na shagon magani, shi kuwa yana kama wuta nan da nan, saboda haka sai da babba a wurin, kuma nesa da murhu.

Muna shirin tashi sai ƙaramin yaron ya ruga ɗaki ya ɗauko kurtun tawadarsa ta makarantar allo, ya ce lallai sai an gwada tasa. Muka ɗiga, muka jira, ruwa ya hau ya wuce, ɗigon yana nan baƙi inda aka ajiye shi, in ban da ɗan dishi-dishi a gefensa. Kafin in buɗe baki yayarsa ta riga ni, ta ce ai tawadar allo zuge ne da ƙaro, garin gawayi kuwa ba narkewa yake yi ba, kamar dai baƙin fensir, shi ya sa ruwa ya kasa ɗaukarsa. Wannan amsa ba ta cikin littafinta. Mun yi alkawarin Asabar mai zuwa za mu daka ganyen zogale mu jiƙa shi a sifirit, mu ga ko rawayan da Tsvet ya gani zai fito mana, kakarsu kuma ta riga ta ja kunnenmu cewa kada wanda ya taɓa mata turmin dakan yaji.