Waƙafin saman nan ba na jam'i ba ne

Malaman Turanci, ɗalibai da masu buga takardun ofis, ina da magana da ku kan ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a saman harafi, wanda Turawa ke kira apostrophe. A takardun gayyata, a allunan shaguna, a rahoton ƙungiyoyi, har a rubutun masu digiri biyu, kullum sai ka ga gajerun sunaye irin su NGO's, ATM's, LGA's (ƙananan hukumomi), IDP's ('yan gudun hijira), alhali jam'i kawai ake nufi. Abin yana damuna ƙwarai.

A Turanci aikin wannan alama biyu ne: nuna mallaka, da nuna inda aka gutsure harafi, kamar a don't. Jam'i kuwa ƙaramin s ya ishe shi. NGOs ƙungiyoyi ne da yawa. NGO's abin ƙungiya ɗaya ne. NGOs' abin ƙungiyoyi da yawa ne. Ma'ana uku daban-daban, kuma wurin da alamar ta zauna ne kaɗai ke raba su.

Wani zai ce ai ana ganewa. A hira, e, ana ganewa. Amma a ɗauki maganar kuɗin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kanta a watan Yulin 2024. Idan rahoto ya ce the LGA's allocation, kason ƙaramar hukuma ɗaya yake nufi. Idan ya ce the LGAs' allocation, na dukansu ne. To marubucin da ya saba manna 's a duk inda ya ga manyan haruffa, ranar da yake son nuna mallakar gaske, da me zai nuna? Ya riga ya kashe alamar a inda ba a bukatarta. Mai karatu kuma ya daina yarda da ita, sai ya koma yana kintace. Takardar kuɗi ko ta kotu kuwa ba wurin kintace ba ne.

Sai dai a yi wa masu yin haka adalci, domin ba daga sama abin ya faɗo ba. A da, lokacin da ake sa ɗigo tsakanin haruffa, M.P.'s da Ph.D.'s rubutu ne karɓaɓɓe. Jaridar New York Times ta Amurka ta daɗe tana sa alamar a irin wannan jam'i, kuma ɗaya daga dalilanta shi ne kanun labaran da ake bugawa da manyan haruffa zalla. Wannan dalili ina ganin ƙarfinsa. Rubuta jam'in CD da manyan haruffa, zai fito CDS, ɗan Najeriya kuma zai karanta Babban Hafsan Tsaro, mai hidimar ƙasa ya tuna da ranar aikin gayyarsa ta mako-mako. Amma maganinsa mai sauƙi ne: ko a kan allo, a bar s ɗin ƙarami. Littattafan ƙa'idar rubutu da ake dogaro da su yau, irin na Jami'ar Chicago da na kamfanin dillancin labarai na AP, duk sun tsaya a kan CDs, MPs, da 1990s idan shekaru ake nufi.

Akwai wuri ɗaya da nake goyon bayan alamar a jam'i, wato harafi tilo. Yaron da ya ci A biyar a jarrabawar WAEC, five A's ya samu, domin As wata kalma ce daban, haka ma Is idan jam'in harafin I ake nufi. A nan alamar tana hana ruɗani, shi ya sa ta cancanci zama. A ATMs babu ruɗanin da take hanawa.

Su kansu masu harshen ba su tsira ba. A Ingila har suna aka sa wa kuskuren, ana jingina shi ga masu sayar da kayan lambu da ke rubuta apple's a allon farashi. Wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiya sukutum don kare wannan alama a 2001, ya rufe ta a 2019 yana da shekara 96, yana mai cewa jahilci da lalaci sun yi nasara. A nan na saɓa da shi. Malalaci rage rubutu yake yi. Wanda ya rubuta NGO's ƙari ya yi, yana ƙoƙarin gyarawa ne, ba a dai taɓa zaunar da shi an nuna masa ba. Don haka ban yarda a riƙa muzanta mutum a bainar jama'a kan wannan ba. A ja shi gefe a nuna masa.

Mu Hausawa ma ya kamata abin ya fi mana sauƙi, domin a bokonmu alamar nan harafi ce mai aiki. Wa zai yarda a rubuta masa yaya a madadin 'ya'ya, ko a tsoma ta a tsakiyar kalmar da ba ta da hamza?

Roƙona ga malaman sakandare shi ne su ware darasi guda ga NGOs, NGO's da NGOs', kowanne cikin jimla. Masu buga takardu da masu rubuta alluna kuma su tambayi mai aiki, jam'i yake nufi ko mallaka, kafin su buga. Inda gajeren sunan ya ƙare da S, kamar POS da SMS, kada a wahala: a rubuta POS machines, a rubuta SMS messages.