Bakin da ya ƙi jiƙa ko an sha ruwa

Wata uku Inna ta yi tana kwana da kofin ruwa a gefen katifa. Cikin dare sai ta tashi sau uku ko huɗu, ta sha, ta zaga bayan gida. Da safe harshenta ya bushe ƙayau, tuwo ma sai ta dulmiya shi cikin miya kafin ya wuce. Dukanmu muka ce hunturu ne. Ni da kaina na riƙa sayo mata minti da lemon kwalba don bakin ya jiƙa. Ranar da aka soki yatsarta a asibiti, sai ga suga ya hau. Har yau abin yana ci mini rai, domin da hannuna na riƙa ƙara mata abin da ke cutar da ita.

'Yan uwa, mun raina yawu. A kowace rana jikin mutum yana samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi na yawu, mafi yawansa daga wurare 6: gaban kunnuwa, ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe, a kowane ɓangare. Shi ke wanke ragowar abinci, ya kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori. Idan ya ƙafe, sai wari ya biyo baya, leɓe ya tsage, haƙori ya fara kogo, wani lokaci har farin abu ya lulluɓe harshe. To ka duba wanda bakinsa ya bushe kuma yake tsotsar alawa tun safe har dare. Sukari na zaune a kan haƙoransa, babu mai wanke shi.

Na yarda hunturu yana busar da baki, haka azumi a watan zafi, haka mai barci da baki buɗe saboda toshewar hanci. Amma irin wannan, da ka sha ruwa ko iska ta lafa, ya wuce. Wanda ya ɗauki makonni, yana tafe da ƙishirwa da yawan fitsari da rama, gwajin suga yake nema.

Akwai kuma magungunan da muke karɓa a kemis ba tambaya. Piriton da 'yan uwansa na mura da ƙaiƙayi suna rage yawu, haka maganin hawan jini mai sa fitsari, haka wasu magungunan damuwa, da tramadol. Tsofaffinmu da ke shan kala huɗu ko biyar a rana su suka fi shan wahala. Don Allah kada a daina maganin hawan jini saboda wannan. A koma wurin likita a faɗa masa, sau da yawa akwai wanda zai canza. Mace kuma in idonta ma ya bushe kamar an zuba yashi, ta ambata, domin akwai ciwon Sjögren mai busar da ido da baki tare, kuma mata ya fi kamawa.

Yanzu Inna kurɓar ruwa take kaɗan-kaɗan duk yini, ta rage goro da shayi mai kauri. Tana asuwaki, tana goge baki safe da dare da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori, ni kuma cingam marar sukari nake sayo mata, saboda taunar na tayar da yawu. Tun da sugan ya daidaita, kofin yakan wayi gari cike yadda aka ajiye shi.